Dagny Riis da Jinkar Gidan Yayata

Ƙarfe shida na safe, ko gari ya waye ko bai waye ba, Dagny Riis tana tsaye a ƙofar rumfarta, kofin gahawa a hannu ɗaya, ɗayan hannun kuma cikin damin ciyawar teku. Takan zaro sili biyu ko uku ta naɗe a yatsa ta ja. In suka tsinke, ranar kowa zai ji a jikinsa. In ba su tsinke ba, sai ta sa a baki ta ɗan tauna ta tofar, ta ɗora tsani a bayan tsohuwar akori-kurarta ta kama hanya. Shekara talatin da ɗaya na yi ina raba wasiƙu a tsibirin nan namu na Læsø, don haka babu mai faɗa mini lokacin tashin kowa. Fitilar Dagny ce ke fara kamawa a duk kewayen garinmu Byrum, kuma ban taɓa samun gaisuwar kirki daga bakinta da safe ba. "Ejvind, in takardar haraji ce ka wuce da abarka." Iyakar sannuna ke nan.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Wuyan hannayenta ne suka gaza. Likita ya ce ko murfin kwalba kada ta ƙara murɗawa, balle tufkar ciyawa wadda ta ninka tsawon mutum. Ba a shirya mata taro ba, ba a buga sunanta a ko'ina ba. Duk rani baƙi suna sauka daga jirgin fito su jeru a bakin hanya suna ɗaukar hoton gidajenmu masu jinkar ciyawar teku, suna riƙe baki, sai ka ce jinkar daga ƙasa ta tsiro. Ban taɓa jin wanda ya tambayi hannun da ya yi ta ba. Abin yana ci mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake na san in ta karanta cewa za ta yi tsufa ya fara taɓa mini kai.

Da can a masana'antar kifi take aiki. A lokacin gidajen nan ƙarewa suke ɗaya bayan ɗaya. Wanda jinkarsa ta ɓule sai ya kira tarakta a yaye ta, a buga kwano, a yi murna wai an waye. Matan da suka iya tufka duk sun kwanta dama, saura tsohuwa Petrea Bak, ita ma ba ta tashi daga gado. Dagny ta yi lokacin sanyi guda cur tana zuwa wurinta in ta tashi daga aiki. Ba a shiga ɗakin mara lafiya da ciyawa, saboda haka da tsofaffin zannuwan gado suka yi karatun. Petrea ta riƙe kai, Dagny ta murɗa wutsiya, in murɗin ya yi sako-sako tsohuwar ta ƙwala mata cokali a bayan hannu. 'Yar Petrea ce ta ba ni labarin, har yau kuma ba ta huce da zannuwan uwarta ba.

Mun yi mata dariya, har da ni, ba zan ɓoye ba. A kanti ana kiranta mai kwasar sharar teku. Wani gwanin baibaya da ya ƙetaro daga babban yanki, mai aikin jinkar kara, ya dubi tufkarta ta farko ya taɓe baki ya ce wannan aikin tsofaffin mata ne, ba sana'a ba ce. A gaban mutane ta ce masa, "Gaskiyarka. Tsofaffin matan ne suka yi wadda ta rufe kakan kakanka. Taka kuwa da ƙafarka za ka dawo ka sake ta." Mutumin bai ƙara zama teburin da take ba. Wata shekara kuma, da yake tekunmu ba ya ba da ciyawa kamar da, sai daga kudu ake kawowa, ta mayar da mota guda cike maƙil don an ɗaure dammunan da danshi. Direban ya yi ta kumfar baki a bakin jirgi, ita kuwa tana cin burodinta.

Amma ba don waɗannan na zauna rubutu ba. Don gidan Yaya Solvejg ne.

Solvejg ta girme ni da shekara goma sha biyu, a hannunta na tashi. A gidan aka haife ta, a ɗakin da ke gefen arewa, a nan ta yi aure, a nan ta yi takaba. Shekara shida da suka wuce, tana da tamanin da biyar, guguwar watan Fabrairu ta karya gefen arewa na jinkar, rami ya buɗe wanda ɗan maraƙi zai faɗa. Ɗanta tilo, Torben, a birnin Aalborg yake zaune, can babban yanki. Mutumin kirki ne, ku ji wannan tun yanzu, sai dai tsoro ya yi masa yawa. Ya zo da wani mai duba gine-gine daga can, mai ƙaramar na'ura tana ƙyafta ido. Mutumin ya zaga gidan sau ɗaya bai ko hau tsani ba, ya ce jinkar ta mutu. Torben kuwa ashe ya riga ya samo wa uwarsa ɗaki a gidan tsofaffi kusa da shi.

"Mama, ɗaki ne mai ɗumi," in ji shi. "Ga masu kula da ke koyaushe, ni kuma minti goma na iso."

"Daga tagar ana ganin ruwa?"

"Ana ganin itatuwa. Da wurin ajiye motoci."

"To ka kai motarka can ta zauna, ita za ta ji daɗinsa."

Babu wanda ya kira Dagny, da kanta ta zo washegari. Ta jingina tsani, ta naɗe hannun riga, ta cusa hannu cikin tsohuwar jinkar har kafaɗa, ta finciko ciyawa mai launin toka ta miƙo mini. "Kai mai wasiƙa, riƙe nan ka ja." Na ja da ƙarfina, ba ta tsinke ba. Ta juya wajen Torben. "Katako biyu ne suka ruɓe, ba ciyawa ba. Gefen kudu kada wanda ya taɓa shi, zai binne mu duka. Gefen arewa zan sake shi."

"Kin tabbata zai riƙe?"

"Zai riƙe. Amma sai ya yi yoyo tukuna. Sabuwar jinka sai ta sha ruwa ta sha iska, ta kwanta ta danne kanta, shekara guda ko fiye. Duk abin da ka gani, kada ka lulluɓe ta da komai. Kana jina?"

Torben ya gyaɗa kai, idonsa na kan waya. Ni kuwa ba ni da wannan uzurin, da kunnuwana biyu na ji.

A watan Yuni aka yi aikin. Mata kusan ashirin ta tara, 'yan waƙar coci da tsofaffin abokan aikinta na masana'antar kifi, mu maza kuma aka ba mu manjagara. Matan suna murɗa tufka mai ƙaton kai da doguwar wutsiya, ana miƙa wa Dagny tana naɗe ta a katakan ƙasa na rufin, layi bisa layi, har ta zama katanga. Daga nan sai a yi ta jibga sakakkiyar ciyawa a kai ana tattakawa. Wajen tattakin, masu nauyi take zaɓa. "Ejvind, hau! Shekara talatin kana cinye kek ɗin gidajen mutane, yau ce ranar amfanin tumbin nan." Na hau. Yaya Solvejg tana ƙasa a kujerarta tana raba baƙin burodi da kifi da sabon dankali, tana kushe tattakin kowa. Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na makonnin nan ba tun rasuwar mijinta.

Da Oktoba ta kama, ruwa ya sauko babu ƙaƙƙautawa, jinkar ta yi abin da aka ce za ta yi. Wuri goma sha ɗaya take ɗiga. Bokitai suka ƙare aka koma tukwane, har kwanon wanka. A kanti sai murmushi ake yi ƙasa-ƙasa, masu kwano a gidajensu suna tambayata ko Solvejg na bukatar aron kwale-kwale. Torben ya sauka daga jirgin safe, ya shiga gidan, ya fito fuskarsa kamar an shafa mata alli.

"Kawu, wannan ai kisan kai ne. Kana kallo?"

Ya buɗe bayan mota, sai ga tamfol shuɗi, sabo fil. Yaya tana barcin rana. Ni na riƙe masa tsani, ni na ɗaure igiyoyin, don shi bai iya ƙulli ba. Ɗigar ta tsaya kafin la'asar, kuma na rantse har daɗi na ji. Da Yaya ta farka ta ji shiru, ta dube mu ta ce, "Dagny ta sani?"

Dagny tana aiki can ƙauyen Østerby a lokacin, gefen arewa na gidan kuma ba a hango shi daga titi. Kwana tara na yi ina kauce wa hanyarta kamar ɓarawon kaza. A kwana na tara, Asabar ce da safe, Torben ya dawo don ya tafi da uwarsa, wai na 'yan makonni. Kowa ya san irin waɗannan 'yan makonnin. An fito da jaka an ajiye a bakin ƙofa ke nan, sai ga ƙarar akori-kura.

Dagny ce, ba ta gaishe da kowa ba. Ta wuce gefen arewa na gidan, muka bi ta. Ta daɗe tana duban igiyoyin. "Wannan ƙullin babanku ne, Ejvind. Torben ko igiyar takalminsa ba ya ɗaurewa haka." Ta jingina tsani ta ce in hau. Da na kai sama ta biyo ni, ta damƙi hannuna ta tura shi ƙarƙashin tamfol. Zafi na ji, irin na tulin kashin shanu da safe, ga wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. "Ka ji? Dahuwa take yi. Ba ta numfashi. Nan da kwana goma ta zama taki, aikin mata ashirin." Ta zaro wuƙa daga aljihu.

"Dagny, sauko daga kan gidan uwata!" Torben ne daga ƙasa. "In kika taɓa tamfol ɗin nan zan kira ɗan sanda."

"Kira shi. Matarsa ce ta tufka layi na biyu, ka ce ya taho da ita."

"Ke ciyawa kike ji, ni uwata nake ji! Shekararta tamanin da biyar, tana kwance ruwa na ɗiga a kanta. In sanyi ya kama mata ƙirji, ke za ki dawo mini da ita?"

Dagny ta sauko matakala biyu, ta dube shi ido cikin ido. "A'a, ba zan iya ba. Ba zan yi maka ƙarya ba, Torben, tana iya yin ciwo. Abin da na sani shi ne in tamfol ɗin nan ya zauna babu jinka, in babu jinka babu gida. Gidan kuwa ba nawa ba ne, ba naka ba ne. Ga mai shi nan, tambaye ta."

Ashe Yaya Solvejg ta biyo mu da sandarta, sanye da tsohuwar rigar ruwan mijinta wadda ta kai mata har ƙwauri. "Torben, mayar da jakar nan ciki," in ji ta. "Na san can ba zan jiƙe ba. Amma ba zan kai Kirsimeti ba, kai ma ka sani, kana dai jin tsoron faɗa ne. In tafiyar ce, gara ta same ni a nan." Ta ɗaga kai sama. "Ke kuma me kike jira? Ko wuƙar ce ba ta ci?"

Dagny ta bi igiyoyina ɗaya bayan ɗaya ta yanke, iska ta ɗauke tamfol ɗin ta maƙala shi a shinge, tururi ya tashi daga jinkar muna gani. Torben ya shiga motarsa ya kifa kai a sitiyari. Ya bi jirgin rana bai yi wa kowa sallama ba.

Nan ne masu ba da labarin a kanti suke tsayawa, don nan ne wurin daɗin. Ni abin da ya biyo baya nake so a sani. Tun daga ranar har ƙarshen sanyi, kullum safiya kafin ta wuce wurin aikinta Dagny tana gidan. Ita ta ja gadon Yaya zuwa ɗakin kudu, ƙarƙashin tsohuwar jinkar da ba ta ɗiga. Ta kwashe ciyawar da ta yi baƙi a sama ta sa sabuwa, ta hau ta tattaka ita kaɗai a cikin iskar da ke tsaga fuska. Ta zubar da bokitai, ta hura murhu, ta jira Yaya ta sha gahawa sannan ta tafi. Babu wanda ya sa ta, ba ta kuma taɓa faɗa wa kowa ba.

A Janairu tarin ya zo, zazzaɓi ya biyo shi. Likita ya zo sau uku a mako guda, a na ukun ya fita yana girgiza kai. Na tsorata ƙwarai, tsoron kuwa ya zama fushi, fushin ya rasa inda zai sauka sai kan Dagny. Na tare ta a bakin ƙofa, tana rungume da itacen wuta, na ce mata, "In yayata ta mutu, ke kika kashe ta." Ta dube ni, idanunta sun yi ja don iska ko don wani abu daban. Ta ce, "Na ji. Matsa in wuce, wutar za ta mutu." Washegari ta dawo kamar kullum, da jibi, da gata.

Yaya ta tashi a Fabrairu, ta rame amma bakin yana nan. Bokitai suka ragu daga sha ɗaya zuwa shida, zuwa biyu, da kaka ta zagayo babu ko ɗaya. Ba zan ce tashinta ya nuna wani ya fi wani gaskiya ba. Torben bai yi ƙarya ba, tana iya tafiya a makon nan. Da ta tafi, da tsibirin nan kaf ya ɗora wa Dagny gawar, ni ne kuma zan ja gaba. Ta san haka tun tana kan tsani da wuƙa a hannu.

Ke ce, Dagny, kika san jinka za ta yi yoyo kika faɗa tun ba a ɗora sili ɗaya ba, alhali da kin yi shiru an fi saurin ba ki aikin. Ke ce aka tambaye ki abin da ba ki da iko a kai, kika ce ba ki da shi, a gaban mutumin da ke neman abin kama ki. Ke ce kika tuna akwai tsohuwa mai bakin magana, lokacin da ɗanta da ƙaninta suke yanke mata hukunci tana barci. Mai taurin kai, mai hannun ƙarfe, mara gaisuwar safe. Masu dariyar kanti sun sake kwanon gidajensu sau biyu muna gani, har yau kuma babu wanda ya zo ya ce miki ya yi kuskure.

Yaya Solvejg ta ƙara shekara biyar a gidanta. Ta koma ɗakin arewa da kanta, ta ce can ne nata. A nan ta cika a watan Afrilun bara, da hantsi, ni da Torben muna zaune a gefen gado. Bayan komai ya lafa, ɗakin ya yi tsit, Torben ya share fuska ya ce, "Kawu, ruwan ya ɗauke ne?" Na je na buɗe ƙofa. Ruwa ake tsugawa kamar da bakin ƙwarya, tsakar gida ta zama tafki, mu kuwa a ciki ko motsinsa ba mu ji. Ya tsaya a bayana yana kallo, ya yi dariya, dariyar ta koma kuka. Bai sayar da gidan ba.

Yanzu ku mutanen tsibirin nan, da ku nake. Akwai sauran gidaje da ramuka a jinkarsu, akwai sauran tsofaffi a cikinsu da 'ya'yansu ke zagaya su da takardu. Mata uku sun koyi tufka a hannun Dagny, amma hannu shida ba ya rufe gida. Asabar mai zuwa za a fara gefen yamma na wani gida a Østerby, za a ajiye mata kujera ta zauna ta zage ku. Kada ku kawo mata furanni, watsar da su za ta yi. Ku zo da tsofaffin tufafi da hannuwanku. Ni ma zan je da ɗingishina, tattaki dai har yanzu ina iyawa.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi yi mini nauyi. Shekara biyar da wani abu muna haɗuwa a hanya, ban taɓa janye abin da na faɗa miki a bakin ƙofar nan ba, ke ma ba ki taɓa tuna mini ba. A gaban mutum ɗaya na faɗa, to ga shi a gaban kowa ina janyewa. Ki yafe mini, Dagny. Na gode, a madadina da Torben da wadda ba ta nan. Saboda ke yayata ba ta taɓa kwana ko sau ɗaya a gidan da ba nata ba.